Majanyin Ƙanena

Mantuwa ta fara kama ni yanzu. Sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana, jikokina suna yi mini dariya. Amma akwai abu ɗaya da na tabbata ko hankalina zai gushe, shi ne zai zama na ƙarshen fita daga kaina, wato ranar da mahaifiyata ta goya ni ina 'yar shekara goma, ta ratsa tsakiyar ƙauyenmu da ni kowa yana kallo. Wannan rana da abin da ya biyo bayanta ba zan manta da su ba har in koma ga Allah.

A wani ɗan ƙauye muke a ƙasar Karaye, can gefen Kwanyawa, a shekarun da soja ke mulki. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Yaran yanzu da iyayensu mata ke ƙwala musu kira tun daga bakin titi ba za su gane abin da wannan ke nufi ba. A lokacinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta zo ta ɗaga shi. Alkunya ake kiran wannan, kuma da ita ake gane mace mai tarbiyya. Don haka ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. Ita ce mai kiran sunana, ita ce mai tsokanata. Da ta rasu aka dawo da ni ɗakin Inna, sai na tarar mutum ɗaya ya riga ya cika ɗakin.

Ƙanena ne, mai bi mini. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, ya yi ta tsala ihu ba a san abin da ya taɓa shi ba. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce iska. An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa saiwoyi iri-iri, sai da aka kai shi Kano likita ya ce amosanin jini ne, abin da kowa ke kira sikila yanzu. Idanunsa kullum ruwan ɗorawa, cikinsa a gaba, ƙafafu kamar sillen kara. Amma fa akwai baki! In ciwon ya sake shi, yana kwance a tabarma zai kwaikwayi muryar duk wanda ya shigo gidan, har Baba da ba ya dariya sai ya juya baya yana tari. Yana shekara bakwai Inna tana goya shi, don jijjigar keke ko jaki tana tayar masa da ciwo. Tana da wani majanyi na saƙi, baƙi mai ratsin fari, da shi take ɗaure shi a bayanta duk inda za su. Kowa a ƙauyen ya san majanyin nan nasa ne.

Gidanmu yana da doka ɗaya da ta fi kowace: in ya samu barci, kada a tashe shi. Sai ya kwana biyu yana murƙususu kafin barci ya ɗauke shi, to a wannan lokaci ko taɓarya ba a ɗagawa. Wani zakara da muke da shi mai cara da rana tsaka, a kan wannan laifi ya shiga tukunya. Ni da autarmu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, mun koyi yin komai a hankali. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci, in za ta yi kuka in sungume ta mu yi bayan rumbu. Duk ranar kasuwar Karaye Baba zai sayo 'yar hanta a gasa wa maras lafiya don ta ƙara masa jini, mu kuwa mu sha ƙamshi. Ba zan ɓoye ba, na yi kishi. Akwai ranakun da na kwanta ina roƙon Allah Ya ba ni ɗan ciwo, ba mai yawa ba, daidai wanda zai sa Inna ta dafa goshina.

Masu zuwa dubiya in sun gan ni sai su ce, "Ya jikin ɗan'uwan naki?" In ce da sauƙi. Sai su juya wajen Inna su ce, "Kai, Allah Ya ba ki yarinya mai haƙuri, ita kam ba ta da damuwa." Inna ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Ni kuwa na riƙe wannan yabo hannu bibbiyu, don shi ne kaɗai rabona a gidan. Na zama yarinyar da ba ta da damuwa. Ita Inna kuma "ke" take ce mini. "Ke, ɗauko ruwa." "Ke, ga yarinya nan."

Abin ya faru ne da kaka, an gama cirar gyaɗa. Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, da ita take tallafa wa Baba wajen jinya. Ran nan ta matse mai, ta mulmula ƙuli, ta ɗora kasko a murhu, sai ciwon ƙanena ya tashi. Ta ce, "Ke, zo ki kula da suyar nan," ta shige ɗaki tana gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi. Na daɗe ina suya ina jin nishinsa, har ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, na ji shiru. Barci ya samu. Daidai nan auta ta hango ƙulin da ke tafasa a mai, ta taho da gudunta na 'yan koyo, hannu a miƙe. Na zabura na fizge ta, gwiwata ta daki kaskon, man ya kwaro mini tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu.

Har yau ina mamakin yarinyar nan da na kasance. Ban yi ihu ba. Na cusa gefen zanena a baki na cije, ɗaya hannun kuma na toshe bakin auta da shi. Abin da ke kaina kawai shi ne, yanzu ya samu barci. Na ja jiki zuwa bayan rumbu, na ɗebi toka mai sanyi na barbaɗa, don na taɓa ganin kakata ta yi wa akuya haka. Na yagi tsumma na naɗe, na saki zanena har ƙasa. Da Inna ta fito ta ga mai a ƙasa, sai ta riƙe baki, ta yi magana cikin raɗa don kada ta tashe shi.

"Ke, wannan wace irin ɓarna ce? Wahalar yini guda kika zubar?"

"Auta ce ta taho, Inna."

"Ba abin da ya same ta dai ko?"

"Babu."

Ta ɗaga auta ta jujjuya ta, ta ga lafiya lau, ta koma ɗaki. Da ta tambaye ni ko ni wani abu ya same ni, ina jin da na faɗa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ciwon ƙanena bai sauka ba, nawa kuma yana ci a ɓoye. Tsumman ya manne da nama. Na koyi tafiya a hankali yadda ɗingishin ba zai fito ba, in zan wuce gaban Inna sai in ɗauki tulu ko in saɓa auta, a ce nauyi ne. Gwaggonmu, yayar Baba da ke aure a Fulatan, ta zo taya mu zama, ta kalli yadda na saki zane yana jan ƙasa, ta kwashe da dariya. "Oho, 'yar nan an girma! Wannan ɗaurin zane sai ka ce matar liman." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su. Daga baya wurin ya fara wari, ƙudaje suna bi na, kaluluwa ta fito mini a matsematsi, zazzaɓi kuma yana rufe ni da yamma. Sai na riƙa zama kusa da turken awaki don in an ji wari a ce nasu ne.

Mutum ɗaya ne ban iya ɓoye wa ba. Wata rana da hantsi Inna ta zaga wanka, ta ce in zauna in yi wa ƙanena fifita. Yana kwance idonsa a rufe, sai ya ce, "Yaya, mene ne ke wari a jikinki?" Na ce awaki ne. Ya buɗe ido ya ce, "Ƙarya kike. Ni na san warin asibiti." Ganin ba zai bar maganar ba, na ɗaga masa zanen kaɗan. Yaron da ake soka wa allura ba ya ko motsi, sai ga hawaye a idonsa.

"Ki nuna wa Inna mana. In ta hura miki zai daina zafi."

Na ce, "Inna taka ce."

Ya kalle ni. Can ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ciro ɗan guntun hanta da ya ɓoye a ganye, ya miƙo mini. Na ce sai ya rantse ba zai faɗa ba. Ya ce shi malam ya hana shi rantsuwa, amma ya ji. Na cinye hantar nan a gabansa, ina kuka ba sauti.

Ba a daɗe ba aka wayi gari jikinsa ya rikice. Tafin hannunsa ya yi fari fat, numfashi sama-sama. Baba ya duba cikin idonsa ya ce jinin ya ƙone, sai an tafi. Ranar kasuwa ce, akwai a-kori-kurar da ke bi ta bakin hanya da safe ta nufi Karaye, in ta wuce kuwa shi ke nan sai wani satin. Maƙwabta suka cika tsakar gida ana Allah Ya sauwaƙe. Inna ta goya shi da majanyinsa, tana ɗaure ƙullin kaya tana ba ni umarni ba tare da ta dube ni ba, kamar yadda ta saba. "Ke, gari yana cikin randa. Ki kula da yarinya. Ban da rigima da Gwaggonku." Ina jingine da bango saboda jiri, na ce to.

Har sun kai bakin zaure, sai na ji muryarsa daga bayanta, siririya.

"Inna, tsaya. Ki ɗaga zanen Yaya."

"Me ka ce?"

"Ki duba ƙafarta."

Na harare shi, ya rufe ido. Inna ta dawo da baya, ta durƙusa a gabana da goyonta, ta ɗaga zanen. Warin ya bugi kowa, wata maƙwabciya ta yi salati da ƙarfi. Inna ta kalli ƙafar, ta ɗago ta kalli fuskata, kallon da ban taɓa samu daga gare ta ba. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, a gaban Baba, a gaban Gwaggo, a gaban matan unguwa. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har na ɗan waiga in ga ko kakata ce ta dawo.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar man nan."

"Don me ba ki faɗa mini ba?"

"Ya samu barci ne, Inna."

Ta dafe ƙasa da hannu ɗaya kamar za ta faɗi. Sannan ta miƙe, ta kwance majanyin, ta miƙa wa Baba yaron ta ce ya saɓa shi a kafaɗa a hankali. Ta juyo mini baya ta tsuguna, ta ce in hau. Gwaggo ta ce, "Haba, ke kuwa! 'Yar farin taki za ki goya, gari ya waye, maza suna zaune a bakin masallaci? Kawo ta nan ni in ɗauka." Inna ta ce, "Gwaggo, yau kam a yafe mini, ba ni da kunya." Ta ɗaure ni da majanyin ƙanena, ƙafafuna suna reto har wajen gwiwarta, muka ratsa ƙauyen. Na ga dattawa suna sunkuyar da kai, na ga yara suna nuna mu. Ni dai na kwantar da kumatuna a bayanta, ina jin ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi, ina fatan hanyar nan kada ta ƙare.

A Karaye aka kai mu wani ɗan asibiti. Malamin asibitin ya jiƙa tsumman ya ɓamɓare, a nan ne na yi ihun da na haɗiye tun ranar kasko. Ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai a yi maganar yanke ƙafa, dole a kwantar da ni ana wanki ana allura safe da yamma. Da ya duba ƙanena kuwa, ya ce wannan ƙarin jini yake so, a wuce da shi Kano yau ɗin nan. Baba ba shi da zaɓi, don jininsa ake ɗiba a ƙara wa yaron. Saura Inna.

Ba wanda ya ɗauka akwai abin shawara a nan. Duk tafiyar da aka taɓa yi Kano da ita ake yi, a cinyarta yake kwana, ba ya karɓar magani daga hannun kowa sai nata. Wata tsohuwa da ke jinyar 'yarta a gadon kusa da nawa ta ce, "Tafi abinki, 'yar nan, ni zan duba miki ita kafin danginku su zo." Baba ya ce zai ba da saƙo Gwaggo ta taho gobe. Ni ma na ce, "Inna, ki tafi, ni lafiyata ƙalau." Ta juyo ta ce, "Kada in ƙara jin wannan magana a bakinki."

Ta tsaya tsakanin gadona da ƙofa, inda Baba ke riƙe da shi. Ta kalli can, ta kalli nan. Ƙanena ne ya yanke maganar. Ya ce, "Inna, ki zauna wajen Yaya. Ni ai na saba, ita ba ta san allura ba." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Amma Baba bai iya goyo ba." Inna ta matsa ta shafa kansa ta yi masa addu'a, ta lulluɓe shi da majanyin, ta cusa masa gefensa a hannu. Ta raka su har bakin mota. Da ta dawo ta zauna a bakin gadona, ta ɗora hannunta a goshina. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, ga shi na samu, amma na kasa jin daɗinsa.

Kwanakin da muka yi a ɗakin nan, Inna ba ta matsa daga gefena ba. Ita ke riƙe ni in za a wanke ciwon, tana hura mini kamar yadda ya ce za ta yi. Amma duk motar da ta tsaya a waje sai ta ɗaga kai.

Wata rana bayan la'asar tana ba ni kunu da ludayi, sai inuwa ta tare ƙofa. Baba ne, shi kaɗai, da majanyin a ninke a hannunsa. Bai yi sallama ba, bai shigo ba. Inna ta kalli majanyin, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kunu yana ɗiga daga ludayin a kan zanen gado. Na ɗauka za ta jefar da shi ta fita. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Buɗe bakinki." Haka ta yi ta ba ni har ƙwaryar ta ƙare, ta goge mini baki da gefen mayafinta, sannan ta tashi ta karɓi majanyin ta zaga bayan ginin. Daga nan na jiyo kukanta. An ƙara masa jinin, amma jikin ya riga ya gaji. A Kano aka binne shi, Inna ba ta ga gawarsa ba, ba ta kuma taɓa ganin kabarinsa ba.

Da ta dawo idonta jawur, na ce, "Inna, da kin bi su." Ta ce, "Rufe mini baki. Shi ya ce in zauna. Kwanansa ne ya ƙare, ba ke kika ƙarar da shi ba."

Na warke, sai tabo da ya rage mini, shi ya sa har yau ba na ɗaura zane ya ɗage. Muna komawa gida Inna ta koma "ke" ɗinta, ba ta sake kiran sunana ba har ta bar duniya. Amma wani abu ya canza. Kullum da safe sai ta tsayar da ni da auta a tsakar gida, ta duba mu tun daga kai har tafin ƙafa, ta juya mu, ta buɗa mana baki. Ko mun ce lafiya lau ba ta yarda, sai ta gani da idonta.

Bayan na yi aure a Rogo, na haifi nawa, ta zo mini wankan jego da majanyin nan a cikin kayanta. Ranar na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sanin zaman da ta yi a wurina. Ta daɗe tana shafa majanyin kafin ta amsa. Ta ce, "Na tambayi babanku ko ƙanenki ya neme ni. Ya ce ya kira ni har sau nawa. Wannan ba ranar da ba ya dawo mini. Amma ko yau aka maido ni bakin ƙofar nan, wajenki zan zauna. Shi shekara bakwai ina kallon fuskarsa. Ke kuwa a gabana kike ta jan ƙafa, da idona biyu ban gani ba." Ta miƙo mini majanyin ta ce in goya jaririna da shi.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, in ciwo ya shiga gida ba wanda ke kwance kaɗai yake kamawa ba. Yaron da ake yabo da cewa ba shi da damuwa, sau da yawa ya duba ne ya ga ba wurin ajiye tasa. Shi ya sa yanzu in na je dubiya gidan da ake jinyar yaro, ina gama gaida maras lafiya sai in nemi ɗayan, wanda ke raɓe a bayan ƙofa riƙe da buta ko da ƙaninsa a kafaɗa. In kira shi da sunansa, in zaunar da shi kusa da ni, in tambaye shi yaya yake. In ya ce mini lafiya lau, ba na tashi, sai na duba.